Ƙwanso da kayan cikin dodon koɗi: za su yi abincin kaji da kifi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Sabo ne a Ibadan, ina da kaji masu ƙwai 500 da tankunan tarwaɗa biyu a bayan gari. Akwai wata mata maƙwabciyar gonata da ke gyaran dodon koɗi tana kai wa otal-otal a Legas. Da damina takan fasa abin da ya kai kilo 100 a mako. Nama kawai take ɗauka, ƙwanso da kayan ciki sai ta zubar a bola, wari ya dame mu. Ta ce in ina so in riƙa kwashewa kyauta. Wani ya ce mini in shanya in niƙe duka in zuba a abincin kaji, wai ya fi garin kifi. Ga tsadar abinci ta ishe mu. Gaskiya ne? Kuma zan iya ba ragunan da nake turkewa don Sallah?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta kasu uku: ko abin da matar nan ke zubarwa yana da amfani a cikin dabba, ko hanyar da aka faɗa maka ita ce daidai, da kuma wace dabba ce ta dace da shi. Amfani kam akwai. Amma hanyar da aka ba ka, ta shanya komai a niƙe shi tare, ita ce za ta ɓata maka amfanin, har ta iya jawo maka asarar kaji.

Dalili shi ne abin da ke cikin bolar nan kaya iri biyu ne da babu abin da ya haɗa su sai cewa jikin halitta ɗaya suka fito. Ƙwanso dutse ne, kusan dukkansa alli ne mai ɗauke da sinadarin kalsiyam, ba ya ruɓewa, ka ajiye shi shekara yana nan yadda yake. Kayan ciki kuwa nama ne mai ruwa, mai furotin, wanda a zafin Ibadan kafin yamma ya fara ɗoyi. Kowanne da gurbin da yake cikewa a haɗin abinci, kowanne da yadda ake sarrafa shi. In ka niƙe su tare, ka samu gari wanda kai kanka ba ka san nawa ne kalsiyam a ciki nawa ne furotin ba, kuma na wannan mako zai bambanta da na makon gobe. Mai haɗa abinci ba abin da yake gudu kamar kayan da bai san awonsu ba. Na sha ganin masu kiwo sun zuba irin wannan gari a madadin garin kifi, kajin nama su daina girma, kashinsu ya yi ruwa, su ce ai dodon koɗi guba ne. Ba guba suka zuba ba, dutse suka zuba a gurbin nama.

Dodon koɗin da ake gyarawa a ƙasar Yarbawa, Edo da Delta akasari babban nan ne mai baƙin nama da masana ke kira Archachatina marginata. A Ghana kuwa, kasuwannin Kumasi da Accra sun fi cika da mai zane-zanen nan, Achatina achatina. Duk ɗaya ne ta fuskar abin da muke magana. Naman da ake ci bai kai rabin nauyin dodon ba. Ƙwanso kan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kayan ciki ma kusan haka ko ƙasa kaɗan, sauran kuma ruwan jiki ne da yauƙi. Wato a kilo 100 na matar nan, kana sa ran wajen kilo 25 na ƙwanso da kilo 20 zuwa 25 na ɗanyen kayan ciki. Riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

Ƙwanson

Da shi zan fara domin shi ne ribar da ba ta da gardama. Wankakken busasshen ƙwanso yana ɗauke da kalsiyam tsakanin kashi 36 zuwa 39 cikin 100, daidai da laimiston mai kyau, wato farin dutsen nan da ake yin siminti da shi, kuma daidai da ƙwanson kawar teku da masu sayar da kayan haɗi ke kira oista. Har ma yakan fi wani laimiston ɗin da ake kawowa kasuwa, wanda ake gauraya shi da yashi ko aka haƙo daga dutse mai yawan maganiziyam, ka ga kaji suna ta zawo ba a san dalili ba.

Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 110 zuwa 120 na abinci a rana, kuma tana bukatar kusan giram 4 na kalsiyam a ciki. Ɓawon ƙwai ɗaya na ɗauke da fiye da giram 2 kaɗan, sauran kuma jiki ba ya iya tsotse shi duka. Abin da yawancin masu kiwo ba su lura da shi ba shi ne lokacin da ake gina ɓawon. Ƙwai yakan zauna a mahaifar kaza kusan awa 20 ana yi masa ɓawo, kuma mafi yawan wannan aiki da dare ake yin sa, lokacin da kazar ba ta cin komai. In kalsiyam ɗin da ta ci gari ne mai laushi, tun da rana ya narke ya wuce. Da dare sai jiki ya koma yana yagar na ƙashinta. Shi ya sa za ka ga tsohuwar kaza mai yawan ƙwai ta gurgunce a keji, ko ƙwai ya riƙa fashewa a kiret tun kafin ya kai kasuwa. In kuwa ɓarzajje ne, mai girman ƙwayar dawa, milimita 2 zuwa 4, sai ya zauna a ƙundu yana narkewa sannu a hankali har asuba. Nan ne ƙwanson dodon koɗi yake da daraja ta gaske, domin kai ne za ka zaɓi girman da za ka ɓarza shi.

Akwai kuma maganar zafi. Idan rana ta ƙwalle a Fabrairu da Maris kaji suka shiga haki, jininsu kan rasa wani ɓangare na sinadarin da ake haɗawa da kalsiyam a yi ɓawo, ga shi kuma cin abincinsu ya ragu. Ɓawo sai ya yi laushi. Ɓarzajjen ƙwanso da la'asar, lokacin da gari ya fara sanyi, yana rage wannan matsala sosai, ko da yake ba ya maye gurbin inuwa da ruwan sanyi.

Gyaran ba wuya. A wanke, a tafasa minti 20 zuwa 30, a fasa. Fasawar tana da muhimmanci domin can cikin murɗin ƙwanson kullum akwai guntun nama da ya maƙale, shi ne ke wari yana jawo ƙuda da ɓera. In an fasa an sake ɗauraye shi, a shanya a kan tamfol har ya yi ƙarau, sannan a daka a turmi ko a kai injin ɓarza, a tankaɗe da rariya a raba mai gari da mai tsakuwa. Ga kaji masu ƙwai, kashi biyu cikin uku ya zama mai tsakuwa, kashi ɗaya mai gari. Kada kaifin gutsattsarin ya tsorata ka, ƙundun kaza tsakuwa yake niƙawa. Mai dakan dai ya rufe hanci da baki saboda ƙurar.

Wasu sukan gasa ƙwanson don ya yi saurin dakuwa. Gashi sama-sama a kan garwashi ba laifi. Abin da ba a so shi ne a ƙona shi a wuta mai ƙarfi har ya yi fari fat yana marmashewa da kansa. A wajen digiri 800 zuwa sama yakan rikiɗe ya zama wani abu dabam, irin farar hodar nan mai cin hannu da ke yin zafi in ta taɓa ruwa. Wannan tana ƙona baki da maƙoshin kaza. Ta yi amfani a feshin bango ko kashe ƙwayoyin cuta a ƙasan ɗakin kaji, amma ba ta shiga abinci.

Yanzu lissafi. Kajinka 500 suna cin wajen kilo 57 a rana. In kai kake haɗa abincinka, kana zuba laimiston ko oista kusan kilo 8 zuwa 9 a kowane kilo 100, wato wajen kilo 5 a rana. Kilo 25 na matar nan zai ɗauke maka kwana biyar cikin bakwai, kuma kilo ɗaya na ƙwanso yana maye kilo ɗaya na laimiston kai tsaye. In kuwa abincin buhu kake saye, an riga an sa kalsiyam a ciki, kada ka ƙara mai yawa. Giram 1 zuwa 2 ga kowace kaza, a barbaɗa a kan abincin la'asar, musamman ga waɗanda suka haura mako 45. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya ke nan a rana. Ragowar ka zuba a buhu ka ajiye, domin da rani dodon koɗi kan shige ƙasa ya toshe bakinsa, kasuwarsa ta yi tsada, matar nan ba za ta riƙa fasa kilo 100 ba.

Abu biyu ƙwanso ba ya yi. Ba shi da fosfaros, saboda haka ba ya maye garin ƙashi. Wanda ya cire garin ƙashi don ya samu ƙwanso kyauta zai ga ƙafafun kajinsa sun lanƙwashe. Sannan ba na kowace kaza ba ne da yawa. Kajin nama da 'yan tsaki kashi 1 cikin 100 na kalsiyam ko ƙasa da haka suke bukata. Budurwar kazar da ba ta kusa fara ƙwai ba, in aka ɗora ta a kan kalsiyam irin na masu ƙwai, ƙodarta ke lalacewa, ka yanka ka tarar da farin abu kamar alli ya lulluɓe hanta da zuciya. Sai sun kusa fara saka ƙwai, wajen mako 16 zuwa 18, ake fara ɗaga musu shi.

Kayan cikin

Nan ne mutumin da ya ba ka shawara yake da 'yar gaskiya. Busasshen kayan cikin dodon koɗi kusan rabinsa furotin ne, kuma furotin ɗin dabba, mai wadatar laisin, sinadarin da masara da dusa suke da ƙarancinsa. Ya ɗara ƙuli-ƙuli inganci. Amma cewa ya fi garin kifi, a'a. Garin kifi mai kyau yana kai kashi 65 zuwa 72, kuma ya fi shi metiyonin, wani sinadarin cikin furotin wanda shi ne kaza mai ƙwai ta fi saurin rasawa.

Kuma ɗanye ba ya yi. Wannan an daɗe da saninsa. A Indonesiya, inda wani ɗan'uwan wannan dodon, Achatina fulica, ya zama annoba a gonaki, an yi gwaji da aka buga a 1981: kajin da aka ba garin ɗanyen dodo girmansu ya ja baya, waɗanda aka ba na dafaffe kuwa suka yi kyau. Tafasawar minti 15 zuwa 20 ce ta raba su. Shanya a rana kaɗai ba ta yin wannan aiki. Tafasawa ce kuma ke kashe salmonela da sauran ƙwayoyin cuta da dodo ke kwasowa daga ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, da tsutsotsin da yake ɗauke da su. Akwai wata ƙaramar tsutsar hanjin kaji da sai ta bi ta jikin dodon koɗi take kama kaza. Akwai kuma tsutsar huhun ɓera, wadda aka fara ganowa a Kanton ta ƙasar Sin a 1935, wadda manyan dodannin koɗi na Afirka suna cikin masu yaɗa ta. Ita wannan ba kaji ne abin jin tsoro ba, kai ne da yaranka masu aiki, domin in ta shiga mutum ta baki takan haddasa wani nau'in sanƙarau. A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada a wanke ganye ko kwanon abinci a bahon da aka zuba ɗanyen kayan, kada a jefa wa kare. Bolar da ake zubarwa a yanzu ma ita ce ke ciyar da ɓerayen unguwa, su kuma su mayar wa dodanni tsutsar. Kwashewar da za ka yi taimako ne ga kowa.

Sharaɗi na farko shi ne lokaci. Kayan da aka cire da safe, a tafasa su kafin azahar. Wanda ya kwana a ɗanye, ko ya fara kore yana kumfa, a binne shi ya zama taki. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta warware ruɓar da ta riga ta faru. Haka dodon da ya mutu da kansa a buhu kafin a fasa shi, ba ya shiga.

Sharaɗi na biyu shi ne ka san abin da matar ke wanke yauƙi da shi. Masu wannan sana'a suna amfani da alimun, gishiri, lemun tsami ko garin rogo. In ta ware kayan cikin tun kafin ta fara wankin nama, shi ke nan. In kuwa a baho ɗaya komai ke haɗuwa, akwai matsala. Gishirin da kaza ke bukata bai wuce kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na abincinta ba, in ya haura sai shan ruwa da zawo, 'yan tsaki kuma mutuwa. Alimun kuma yana kama fosfaros a hanji ya hana jiki amfana da shi. Ruwan wankin da yauƙin kansu ba su da wani abin kirki na abinci, a zubar.

To, mu koma lissafi, domin shi ne zai nuna maka inda ya kamata ka sa ƙarfinka. Ɗanyen kayan ciki kashi 75 zuwa 80 ruwa ne. Kilo 20 zuwa 25 in ya bushe zai dawo wajen kilo 5. Furotin ɗin da ke cikin wannan bai wuce na kilo 4 na garin kifi ba, ko kilo 5 da rabi na garin waken suya. Kajinka kuwa suna cin kusan kilo 400 a mako. Wato duk abin da matar ta tara a mako, in ka busar da shi, kashi 1 ne da ɗoriya kaɗan cikin 100 na abincinsu. Je ka tambayi kuɗin kilo 4 na garin kifi yau a kasuwa, ka ɗora shi a gefe guda. A ɗaya gefen ka sa itace ko gawayin tafasawa, na busarwa, ladan yaron da zai yi aikin, da niƙa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma damina, lokacin da kayan suka fi yawa, ita ce lokacin da rana ba ta busar da komai a Ibadan. Nama mai ruwa da aka shanya a Yuli kwana uku yana nan da danshi, ƙuda ya yi ƙwai a kai, fumfuna ta hau.

Saboda haka ni a ganina, da wannan adadi, kada ka wahalar da kanka da yin gari. Ka ba tarwaɗa. A tafasa, a tsane, a yayyanka ko a markaɗa, a ba kifin da ya haura giram 200 zuwa 300 a ranar. Babu kuɗin busarwa, babu ajiya, kuma tarwaɗa mai cin nama ce tun asali, tana bukatar furotin kashi 40 zuwa sama, abincinta kuma shi ke cinye kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. A gonakin da nake duba wa abinci, wanda ya fi tafiya daidai shi ne a kwaɓa markaɗaɗɗen kayan da ɗan garin abincin kifi da dafaffen garin rogo ya riƙe shi, a murza shi ƙanana. Hakan ya fi watsa shi tsura, domin tsuran yana narkewa a ruwa. A ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, da safe, a ranar da za a canza ruwa. Tankin siminti ba ya yafe ragowar nama: ruwa ya yi wari, kifi ya taso sama yana haki, ka yi asarar da ta fi abin da ka tsimi. Kada kuma ka ɗauka ya maye abincin buhu. Kifi 1,000 masu rabin kilo suna cin wajen kilo 10 na busasshen abinci a rana, saboda haka kayan mako guda abincin rabin yini ne. Ragi ne, ba mafita ba. Ka raba shi kwana biyu ko uku in kana da firiji, in babu ka ba su abin da za su iya ka bar wa agwagi sauran.

Agwagi ma na ambata da gangan. A Filifins, Tailan da Biyetnam, wani dodon ruwa da aka shigo da shi daga Kudancin Amurka a shekarun 1980 don a ci, ya tsere ya zama babban maƙiyin shinkafa. Manoma suka koma sakin agwagi a fadamu suna cinye shi, suna kuma tsince shi su dafa su ba agwagi, aladu da kifi. A can an goge sosai da ciyar da dabba dodon koɗi, kuma abin da ya sa ya yi musu riba shi ne yawa: tan-tan suke kwasa. Wannan dodon ya ɓulla a gonakin shinkafar Mwea a Kenya a 2020. In wani ya zo maka da shi wai ka kiwata don abincin kifi, ka kore shi.

In wata rana kayan suka ƙaru, misali ka haɗa masu gyara uku ko huɗu, sai maganar gari ta taso. A lokacin, bayan tafasawa a markaɗa, a gauraya da dusar alkama awo ɗaya da ɗaya don ta shanye ruwan, a baza shi siriri a tire, a busar a bandar kifi da wuta marar ƙarfi. In ya yi baƙi-baƙi an ƙona laisin ɗin, an yi aikin banza. Ya bushe har ya riƙa karyewa a hannu, a yi amfani da shi cikin wata guda domin man da ke ciki yana yin hamami. A fara da kashi 2 cikin 100, kada a wuce 5 ga masu ƙwai, kuma a maye kwata zuwa rabin garin kifi kawai. Ka ware kaji 50 ka gwada musu na mako huɗu, kana rubuta ƙwan da suka yi da abincin da suka ci kana kwatantawa da sauran, kana duba kashinsu, kana kuma dafa ƙwan ka ɗanɗana ko akwai ƙarni. Wasu sukan so su jiƙa shi da asid ko ruwan rake mai kauri ya yi tsami kamar yadda ake adana kayan cikin kifi. Yana yiwuwa, amma sai an tsince duk gutsattsarin ƙwanso, domin ƙwanso yana kashe tsami, abin ya ruɓe maimakon ya adanu.

Abin da wuta ba ta kashewa

Akasarin dodon koɗin da ke kasuwa tsinto shi ake yi a daji da gonaki, ba kiwata shi ake ba. Shi kuwa halitta ce mai tara duk abin da ta ci a cikin hantarta, baƙin murɗaɗɗen sashen nan na kayan ciki. Ƙarafa irin su dalma, kadmiyam da tagulla duk a can suke taruwa, har masu binciken gurɓatar ƙasa suna auna dodon koɗi don su san halin da wuri yake ciki. Wanda aka tsinto kusa da bola, garejin makanikai ko inda man fetur ya malala, ko a gonar koko da ake yawan fesa wa maganin tagulla saboda cutar da ke baƙanta 'ya'yan koko, yana iya ɗauke da su da yawa. Masu cin naman sun tsira daga mafi yawansu domin an cire hantar. Kai kuma ita za ka ɗauka. Tafasawa ba ta cire ƙarfe. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake tsayawa a kan kaɗan-kaɗan ko da kayan sun yi yawa.

Daga nesa ba mai iya yanke maka hukunci a kan wannan, sai awo. Tambayi matar daga ina ake kawo mata. In ka ga abin zai zama na dindindin, ka busar da rabin kilo ka kai ɗakin gwaji a auna maka furotin, gishiri, toka, dalma da kadmiyam. A Ibadan kana kusa da sashen kimiyyar dabbobi na Jami'ar Ibadan da cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Moor Plantation, kuma cibiyar binciken gandun daji ta FRIN da ke Jericho ta daɗe tana aiki a kan kiwon dodon koɗi. Na Arewa kuma suna da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, kusa da Zariya. Lambobin da na ba ka matsakaita ne, naka na iya hawa ko sauka gwargwadon girman dodon da yadda matar ke yankansa. In kuma har ka kai ga sayar wa wasu garin, ka shiga hurumin NAFDAC, sai da rajista.

Ga masu karatu na Arewa da za su ce ai mu ma muna da dodanni a bakin dam da magudanan noman rani, a Kadawa ko Bakolori: waɗannan ƙananan na ruwa wani abu ne dabam. A cikinsu akwai masu ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, da masu ɗauke da tsutsar ciwon hanta ta shanu da tumaki. Shiga ruwan tsince su kaɗai ya isa mutum ya kamu da tsargiya. Ba su da naman da ya kai wannan kasada.

Ragunan

Kayan ciki kam kada ka ba su. Tumbin rago an yi shi ne don ciyawa da harawa, kuma tun bayan cutar haukan shanu da ta ɓulla a Ingila a 1986 ta hanyar ciyar da shanu garin nama, ƙa'idar da masu kiwo suka riƙe ita ce a nisanta naman dabba daga masu tuƙa. Ga kuma tagullar da na ambata: tumaki sun fi kowace dabbar gida saurin mutuwa da ita, tana taruwa a hantarsu shiru har ranar da za ta kwarara cikin jini lokaci guda.

Ƙwanson kuwa ragunanka suna bukatarsa fiye da yadda kake zato. Ragon turke dusa ake ɗura masa, ta masara ko ta alkama, ita kuma dusa fosfaros ne da ita mai yawa, kalsiyam kaɗan. Jikin rago yana son kalsiyam ya ninka fosfaros sau biyu. In abin ya juye, tsakuwa ke taruwa a mafitsara ta toshe hanyar fitsari, ka ga rago ana saura mako biyu Sallah yana nishi yana ɗaga wutsiya fitsari ba ya fita. Garin ƙwanso mai laushi, kilo 1 zuwa 1 da rabi a kowane kilo 100 na dusa, tare da ɗan gishiri da wadataccen ruwan sha da harawar wake ko ta gyaɗa, yana rage wannan haɗari ƙwarai.

Wataƙila wani a Sabo ya tayar maka da maganar halacci, tunda mu ba cin dodon koɗi muke ba. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik game da shi, ya kwatanta shi da fara: wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa babu laifi, wanda aka tarar ya mutu ba a ci. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun hana. Batun ciyar da shi ga dabbar da za a ci kuwa fage ne na malaman fiƙihu, ka kai wa limaminku da bayanin yadda ake gyaran.

Ta fuskar aiki, ka saya wa matar robobi biyu masu murfi, kala dabam-dabam, ɗaya na ƙwanso ɗaya na kayan ciki, ka roƙe ta ta riƙa jefa kayan cikin tun kafin ta taɓa alimun da gishiri, matattun kuma ta ware su gefe. Ku tsayar da ranakun da take fasawa don yaronka ya je da wuri, tukunya tana kan wuta. Kuma ku yi magana a kan kuɗi tun yanzu, ko ɗan kiret na ƙwai ne a wata, domin ranar da ta ga kana loda buhunan ƙwanso a mota, kyautar za ta ƙare.